Bobe Zlate, Ungozomar Kavkaz

Bobe Zlate ce ta karɓi haihuwata, ita ta karɓi ta mijina Zavel, da ta yayyena da ƙannena duka. A garin Shavli, in dai kai Bayahude ne talaka kuma a unguwar Kavkaz ta bakin tafki aka haife ka, to hannunta ne ya fara taɓa ka a duniya. Masu hali su ke kiran likita. Mu Zlate muke da ita. "Bobe" kaka ce a bakinmu, kuma haka muke kiran ungozoma, don duk wanda ta yanke wa cibi jikanta ne har ya mutu.

Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, da hannuwa kamar na maƙeri. Kullum tana warin albasa da sabulun kashe ƙwayoyin cuta, ga garin taba da take shaƙa har ya rine mata leɓen sama. Mijinta mai keken doki ne, dokinsa ya harbe shi a ƙirji ya mutu tun tana da ƙuruciya. 'Ya'yanta biyu ciwon maƙogwaro ya kwashe su a hunturu ɗaya. Daga nan ta bi wata gwaggonta ungozoma tana riƙe mata jaka, har ta gaje ta. Ba ta sake aure ba. In an yi mata maganar sai ta ce, "Na ga abin da maza ke jawo wa mata, kullum hannuna na ciki. Na gode."

Babu wanda bakinta ya ƙyale. Na taɓa gani da idona a kasuwa, Reb Nohum mahauci, dattijo da gemu har ƙirji, ya ɗora mata ƙashi a kan ma'auni.

"Kai Nohum, ni za ka ba ƙashi?"

"Bobe, ai akwai nama a jikinsa."

"Na ga ɗuwawunka tun kafin uwarka ta gani, kuma ko a ranar ya fi wannan nama. Cire."

Ya cire, kasuwa na ta dariya.

Jamusawa sun shigo da damina ta shekarar alif ɗari tara da arba'in da ɗaya. Kafin mu gane me ake ciki, su da 'yan bindigar gari masu farin ƙyalle a dantse sun bi gida-gida sun kwashe maza. Aka kai su daji. Mahaifina da yayana suna ciki, ba mu ƙara ganinsu ba. Da kaka ta kusa sai aka zagaye unguwarmu da waya mai ƙaya, aka koro sauran Yahudawan gari aka cusa a ciki, kowa da rawayan tauraro a ƙirji da gadon baya. Unguwar da aka haife mu ta zama geto, ƙofa ɗaya, da masu gadi.

Gidan Zlate ɗaki ɗaya ne da madafa. Iyali huɗu aka zuba mata. Ni da Zavel muna cikinsu, da kuma Berta, matar mai kantin magani na babban titi, wadda aka kashe mijinta tare da mahaifina. Ta iso da 'ya'yanta biyu da rigar gashi mai tsada, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon taɓon da ya ɓata mata takalmi.

"Shigo mana, uwargida," in ji Zlate. "Taɓon nan ba ya cizo. Shekara sittin muna tare da shi, bai taɓa kai ƙarata ba."

Berta ba ta yi dariya ba. Amma kusa da murhu Zlate ta shimfiɗa mata, saboda ƙaramin yaronta na tari.

Kowace safiya a jera mu a ƙofa, a kora mu aiki ta tsakiyar titi kamar shanu. Ni da Zavel a babbar majemar gari muke, muna kankare fata. Da yamma a laluba mu a ƙofa. Dankali ɗaya a aljihu ya isa a fasa wa mutum baki. Zlate ta tsufa da fita aiki, don haka ita ke zama da yaran gida, tana dafa ɓawon dankali da ruwa tana kiransa miyar kaza. "Ku ci a hankali," take ce wa yara, "kada ƙashi ya sarƙe ku."

Cikin hunturun farko ta ci gaba da aikinta. Mata na haihuwa a kan tsumma, babu nono a ƙirjinsu, ita kuwa tana shiga tana fita tana zagin mazajen. Sai bazara ta zo da doka.

Getsel ne ya kawo mana labarin. Ɗan sandan geto ne, Bayahude ɗan unguwarmu, an ba shi hula da kulki don ya tsare mu. Ya shigo ya cire hular yana murza ta.

"Bobe, an hana haihuwa."

"An hana me?"

"Haihuwa. Daga ƙarshen damina, duk macen da ta haihu a geto za a harbe ta, ita da jaririn da mutanen gidan."

Zlate ta ce, "Getsel, da kai ka fara fitowa ko da ƙafa? Na manta. Don maganar nan ta wanda ya faɗo da ka ce."

"Ba ni na yi dokar ba, Bobe."

"Su gaya wa Ubangiji mana. Shi ke aikowa, ni karɓa kawai nake yi."

Amma dokar gaskiya ce. Bayan kwana kaɗan likitan geto ya zo da kansa, wani dattijo mai sanyin murya da ya yi shekaru yana duba yaranmu kyauta. Ya ce dole a zubar da duk cikin da ke geto, kuma ba shi da isassun hannuwa. Zlate ta ce ya fita mata daga gida. Ya fita. Washegari ya dawo, ya zauna a kan akwati ya ce, "Uwargida Zlate, in ba ki zo ba, da allurar saƙa za su yi wa kansu. Jiya na rufe idon ɗaya." Ta ɗauki jakarta ta bi shi.

Duk damina tana wannan aiki. Takan dawo ta wanke hannu, ta sake wankewa, ta zauna. Ba ta ba kowa labari.

Akwai wata Tsirel, matar wani mai gyaran takalmi, da ta ɓoye cikinta har ya shiga watan haihuwa, bayan wa'adi ya wuce. Maƙwabta suka tsorata suka kai magana wurin Yahudawan da aka naɗa shugabannin geto. Aka yi ta shawara, aka rasa mafita. A ƙarshe aka kai ta ɗakin da ake kira asibiti aka tayar mata da naƙuda. Zlate ce ta karɓi yaron. Namiji ne, lafiyayye, ya yi kuka. Aka fitar da shi ɗakin baya aka yi masa allurar guba, aka ce wa uwar bai zo da rai ba. Allurar ba ta yi sauri ba. Likitan ya kasa tsayawa, ma'aikaciyar jinyar da ke taimaka masa ta kasa. Zlate ce ta riƙe shi a jikinta har ya daina motsi.

Ranar ta dawo gida rana tsaka, ban je aiki ba don ina zazzaɓi. Ta zauna a bakin gadonta da jakar a cinya. Na ce, "Bobe, lafiya?"

"Ya kama mini yatsa," ta ce. "Ƙarfi gare shi."

Daga ranar miyar kaza ta ƙare a gidanmu. Ta dafa, ta raba, ta yi shiru.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, zazzaɓin nan nawa ba zazzaɓi ba ne. Na ɗaure cikina da zane tamau, ga yunwa ta rame da ni, ga rigar aiki mai faɗi. Na ɗauka babu mai gani. Wata safiya na sunkuya ɗaukar bokiti, Zlate ta ce daga bayana, "Ke Etke, ni za ki yi wa wayo? Tun wata biyu da suka wuce na ga tafiyarki ta canja."

Na fashe da kuka. Ta bari na gama.

"Wata nawa?"

"Shida, ina jin."

"Bakwai. Ke ko ƙidaya ba ki iya ba." Ta sa hannu ta taɓa cikin ta gefe da gefe. "Saurara, 'yata. In kina so in kai ki wurin likita, zan kai ki, ba kuma zan zarge ki ba. Amma in ya fito yana numfashi, ni ba zan ƙara riƙe wani a ɗakin baya ba. Su nemi wata."

Zavel ya so mu je wurin likita. Bai faɗa da ƙarfi ba, ya dai riƙe hannuna ya ce za mu sami wani bayan yaƙi. Na ce a'a. To amma ba ranmu kaɗai ke ciki ba, dole mutanen gida su sani. Zlate ta tara su da yammar wata Asabar ta faɗa musu. Berta ce ta fara miƙewa.

"Kun haukace? 'Ya'ya biyu gare ni! Saboda wanda ba a haifa ba za ku sa a harbe waɗanda ke tafiya da ƙafarsu?"

"Gaskiya kika faɗa," in ji Zlate. "Ƙofa ga ta nan. Ofishin shugabanni bai yi nisa ba. Babu mai riƙe ki, babu kuma mai zagin ki."

Berta ta ɗauki mayafinta ta fita.  Can sai ga ta ta dawo, idonta jajir. Ta ce ta kai har ƙofar ofishin. Ta juya wa bango fuska ta kwanta. Ta yi makonni ba ta yi mini magana.

A ƙarƙashin madafar akwai ramin ajiyar dankali, mai murfin katako, wanda mutum ba ya iya miƙewa tsaye a ciki. Nan na haihu, wata Lahadi da hantsi, a kan buhunan wofi, da kyandir guda. Zlate ta cusa mini tsumma a baki.

"Ciza. In kika yi ihu ni da kaina zan mare ki. Yunƙura. Ba haka ba, ke akuya ce? Daga ƙasa. Yauwa. Kuma."

A sama kuwa sai na ji an fara buge-buge. Berta ce ta jawo allon wanki ta ɗora a kan murfin ramin, tana dukan kaya da muciya, tana zazzaga wa 'ya'yanta faɗa da muryar da ban san tana da ita ba. Ba ta tsaya ba har yarinyar ta yi kukanta na farko ta gama. Da Zlate ta ɗaga murfin, Berta ta leƙo, gumi na zuba.

"Mene ne?"

"Mace."

"Gara," in ji Berta. "Namiji da kaciya babu mai karɓarsa a waje, nan take za a gane Bayahude ne."

Muka sa mata Mindel, sunan mahaifiyata. Bayan kwana biyu na koma majema da ƙirji a ɗaure. Duk hunturun nan Zlate ce uwarta da rana. Tana tauna burodi ta ƙulle a tsumma ta ba ta tsotsa, ta sa ta a aljihun tebur kusa da murhu, in an ji taku a waje ta sauka rami da ita. Yarinyar ta koyi yin shiru, har abin ya riƙa ba ni tsoro. Amma jariri jariri ne. Wata rana Getsel ya shigo neman wani da bai fita aiki ba, sai Mindel ta tsanyara kuka daga aljihun tebur.

Ya tsaya cik. "Me na ji?"

"Kyanwa," in ji Zlate.

"Bobe, babu kyanwa a geto."

"To cikinka ne. Je ka nemi abin da za ka ci."

Ya dubi teburin, ya dubi Zlate. Ya ce, "Ki gaya wa kyanwar, ranar Laraba Jamusawa za su zagaya layin nan." Ya sa hularsa ya fita.

Zlate ta san ba za a daɗe a haka ba. Akwai wata Urshule, matar wani manomi Kirista a ƙauyen bayan tafki. Shekaru da suka wuce ɗanta na fari ya zo a gicciye, matan ƙauye suka fidda rai, mijinta ya zo da keken doki cikin dusar ƙanƙara ya ɗauki Zlate, ta juya yaron da hannu ta fito da shi da rai. Zlate ta aika mata saƙon baki ta wani ɗan ƙauyen da ke aiki a majema. Aka daɗe babu amsa. Sai da ƙanƙara ta fara narkewa mutumin ya raɗa wa Zavel cewa Urshule za ta tsaya da keken madara a lungun bayan majema ranar kasuwa.

Saura yadda za a wuce ƙofa. Berta ta farke kalmasar rigar gashinta ta ciro wani ɗan ƙullin farin gari, maganin barci daga kantin mijinta. Ta ce ta ajiye shi ne don kanta da 'ya'yanta in ranar ta zo. Zlate ta ɗiba a kan wuƙa, ta rage, ta ƙara, ta sake ragewa. 

"In ya yi kaɗan za ta farka a ƙofa," ta ce. "In ya yi yawa..." 

Da safe Zlate ta ba Mindel maganin ta yi barci, muka sa ta a jakar kayan aikin Zavel, ƙarƙashin tsummokara. Zlate ta gyara mata wuya, ta tofa sau uku don kauda mugun ido, ta ce, "Tafi, 'yar banza, kin ishe ni da cinye mini burodi." Muka shiga layi. Mai gadi ya daki jakar da gindin bindiga, bai buɗe ba. A kwanar majema, inda keken madarar Urshule ke tsaye, Zavel ya sunkuya kamar zai ɗaure takalmi, ya tashi hannu wofi. Ban juya ba. Bayan mako ɗan ƙauyen ya wuce ta gefena yana tura amalanken fata ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ta farka. Tana shan madara."

Bayan tawa Zlate ta karɓi wasu haihuwar a wannan ramin. Ban san nawa ba, ba ta faɗa. Wasu an fitar, wasu sun mutu, wasu suna nan a ɓoye.

Farkon hunturun arba'in da uku, wata safiya aka fitar da mu aiki kamar kullum. Muna majema muka ji mutanen gari na cewa an ga manyan motoci sun shiga geto. Ba a bar mu mun koma ba sai yamma. Da muka shiga, ƙofofi a buɗe, gashin tsuntsu daga matasan kai da aka farke na tashi a layi, babu muryar yaro ko ɗaya. An kwashe yara da tsofaffi da marasa lafiya. Mata suka watsu da gudu kowa na kiran suna. A gidanmu murfin ramin na gefe, katifar Zlate a yashe a tsakar madafa. Berta ta sauka ramin ta fito, ta sake sauka, tana laluba buhunan wofi.

Getsel ne ya gaya mini abin da ya faru, bayan kwanaki, yana tsaye a bayan gidanmu ya kasa kallona. Da aka ji motoci, Zlate ta tura yaran gidan da na maƙwabta cikin ramin, ta ja katifa ta rufe murfin, ta kwanta a kai tana nishi, tana cewa zazzaɓin ƙwarƙwata ke damunta, don ta san suna tsoronsa. Sojojin farko suka leƙa suka wuce. Na biyu suka zo da kare. Aka ja ta ta ƙafa, aka ɗaga murfin.

An tilasta wa 'yan sandan geto loda motocin. Sojoji na jefa yara kamar buhu. Zlate na cikin mota, goshinta na jini, ta tara 'ya'yan Berta a jikinta. Aka miƙo wa Getsel wani jariri da aka zaƙulo daga wani gida, ɗaya daga cikin waɗanda ta karɓa a ɓoye, aka ce ya jefa. Ya ce sai ya ji muryarta ta fi ƙarar injin.

"Kai Getsel! Da hannu biyu! Tallafi kansa, sakarai. Miƙo mini shi nan."

Ya miƙa mata. Ta buɗe rigarta ta sa shi a ciki. Aka rufe motar.

An ce mana gidan renon yara aka kai su a wata ƙasa. Babu wanda ya yarda, amma akwai matan da suka riƙa maimaitawa. Daga tashar jirgin ƙasa aka wuce da su sansanin da ba a fitowa.

Da damina ta zagayo aka kwashe mu da muka rage zuwa Jamus. A can aka raba ni da Zavel, ya mutu kafin a gama yaƙi. Berta muna tare a sansanin mata, ba ta ƙara yin wata doguwar magana ba, wata safiya ba ta tashi ba. Getsel ban san ƙarshensa ba.

Na koma Shavli bayan yaƙi, na taka har ƙauyen bayan tafki. A tsakar gidan Urshule na tarar da wata yarinya mai kitso biyu da ƙaramin gicciye a wuya tana korar agwagi. Mindel ce, sun sa mata suna Birute. Da ta gan ni, ga ramammiyar mace da askakken kai, ta ruga ta ɓuya a bayan Urshule tana cewa, "Mama, wace ce wannan? Ki kore ta."

Urshule ta zaunar da ni a benci, ta kawo madara da burodi, tana kuka tana share hanci da gefen zane. Ta ce ta san wata rana wani zai zo. Ta roƙe ni in zauna da su har yarinyar ta saba, kada in fizge ta rana ɗaya. Na ce to. Sai ta tambaya, "Tsohuwar fa?"

Na girgiza kai.

Ta yi alamar gicciye, ta tashi ta shiga garken shanu, ta daɗe ba ta fito ba. Ni da yarinyar muka rage a tsakar gida, tana tsaye nesa da sandar agwaginta tana harara ta. Na zauna da su har aka gama girbi. Sai da muka bar ƙasar, muna sansanin 'yan gudun hijira, ta fara ce mini Mama, shi ma sai in tana son wani abu.